Ɗan Wake Mai Riga da Magunan Ma'adi

Ba karatu ya kai ni Masar ba, kada wani ya ji Alƙahira ya ɗauka malama ce ke magana. Ranar da na sauka garin ko sunana ban iya rubutawa ba. Sai da na dawo gida na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, jikokina suna yi mini dariya, shi ne yau nake iya zana wannan da hannuna. Aiki na je nema. Sunana Asabe, a Funtuwa Gwoggo Asabe mai taliya ake ce mini, don taliyar murji na yi ta sayarwa tun ina amarya har Malam ya rasu, har taliyar leda ta zo ta kashe mana kasuwa. Kuma kowa a unguwarmu ya san bakina. In miyarki ba gishiri, a gaban mijinki zan faɗa miki. Ku riƙe wannan, don ku san irin matar da kunya ta ɗaure wa baki a ƙasar mutane.

Wata Hajiya Kande ce ta kai ni, 'yar kasuwa mai hawa jirgi kamar yadda muke hawa a-daidaita-sahu. Ta ce akwai wani babban mutum ɗan ƙasarmu a Zamalik, unguwar jakadu, matarsa na neman dattijuwa wadda ta iya tuwo da miyar kuka, ta gaji da 'yan matan zamani. Na sayar da awakina da gadon ƙarfen aurena na bi ta.

Daga filin jirgi tasi ta sauke mu a ƙofar wani dogon bene mai itatuwa a gaba. Matar gidan ta sauko har ƙasa tana ƙamshi, ta dube ni daga silifas har ɗankwali. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba.

"Hajiya Kande, dattijuwa na ce, ban ce ki kawo mini kakata ba. Wannan in ta faɗi a kicin wa zai ɗaga ta?"

Da da Larabci ta faɗa, da ban ji ba, da na huta. Da Hausa ta faɗa, tsantsarta. A gida da na ba ta amsar da za ta kwana tana juyi. A nan na buɗe baki na ji ba komai a ciki, sai na sunkuyar da kai ina kallon jakata da ta yage a gefe, ƙullin daddawa na leƙowa.

Hajiya Kande ta ce in zauna a bencin mai gadi, bari ta je ta sayo katin waya ta kira wani gidan. Har yau tana sayen katin.

Mai gadin, bawwab suke ce musu, wani tsoho ne mai doguwar riga da rawani. Ya yi mini magana ban ji ba, na yi masa bai ji ba. Da rana ta take ya kawo mini baƙin shayi a ɗan kofin gilashi da gurasa guda, ya juya mini baya don in ci a sake. Da la'asar ta yi ya ga ba mai zuwa, sai ya shiga benen da ke kusa ya dawo da wata doguwar mata baƙa, ta naɗe jikinta da mayafi ɗaya tun daga kai har ƙafa irin na mutanen Sudan.

Ta tsaya a kaina ta ce, "Sannu, Hajja. 'Yar wane gari ce?"

Cin mutuncin matar mai ƙamshi bai sa ni kuka ba. Wannan sannun ce ta sa ni.

Batula ke nan. Kakanninta mutanen Haɗeja ne, suka tafi hajji a ƙasa, suka tsaya Sudan neman guzuri, tsayawar ke nan. Ita kuma yaƙi ya koro ta Masar da 'ya'yanta mata biyu, tana aikin shara a gidaje. Hausarta irin ta tsofaffin da ce haɗe da Larabci, sai ka ji kamar kakarka ce ta dawo daga lahira da sabon yare. Ta ɗauki jakata ta ce, "Yalla, tashi. Waccan ba ta dawowa, mun san irinsu."

Ɗakinta yana unguwar Ainu Shams, can cikin lunguna inda benaye suka haɗe kai har rana ba ta sauka ƙasa. Ɗaki ɗaya ne da ɗan kicin da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Aka ba ni gefen bango. Abin da ya fi damuna ba yunwa ba ce, rashin tsakar gida ne. Ni da na saba in fito da asuba in ga sama, in ji zakaran maƙwabta, in zagi akuya, sai ga ni a cikin akwati, shanya ma ta taga ake yi. Wake da gurasa da safe, wake da gurasa da yamma. Daddawar da na zo da ita muka riƙa gutsura kamar magani, ranar da ta ƙare Batula ta shinshina ledar ta ninke ta ajiye.

Ga kunyar baki. Tun ina yarinya nake salla da Larabci, amma na tsaya gaban mai tumatir na kasa cewa nawa ne. Ya zuba mini ruɓaɓɓu a ƙasan leda ina kallo, na karɓa har da godiya. Sai da na dawo ɗaki na fara masifa, Batula na dariya.

"Gwoggo, ba ke ce kika ce bakinki reza ba?"

"Reza ce mana. Amma da Hausa take yanka."

In 'yata Hadiza ta bugo waya daga gida, sai in fita matakala in ce mata ina Zamalik, tuwon babban mutum nake tuƙawa, har ya ce bai taɓa cin miyar kuka irin tawa ba. In na dawo ciki sai dai Batula ta matsa mini in zauna. Ni kuwa loma ba ta wuce mini da daɗi, don tsohuwa ta zauna tana cin gumin mai shara ba zama ba ne.

Ita ce ta samo mini aiki a Ma'adi, wata unguwa ta kudancin gari mai itatuwa da baƙi 'yan ƙasashen waje. Ta raka ni jirgin ƙasan da suke kira metro, ta nuna mini taragon mata. Da yake ban iya karanta sunan tasha ba, ta nuna mini wata bishiya mai jan fure ta taga, ta ce in na gan ta in sauka. A hanya ta ce, "Amma ki sani, 'yan Caina ne. Suna cin alade. Ke aikinki shara da wanki da guga, khalas, shi ke nan. Ba ruwanki da tukunyarsu."

Na ce, "A'uzu billahi. Ni Asabe, gidan masu cin alade?"

"To koma Zamalik, babban mutum na jiran miyarsa."

Na gyara mayafi na bi ta.

Madam, matar gidan, da mijinta da 'yarsu 'yar makaranta da sassafe suke fita, ba sa dawowa sai na tashi. Madam ta iya Larabci, ni ma lokacin na fara tsintar kalma ɗaya biyu. Duk yini daga ni sai uwar mijin, wata 'yar tsohuwa ƙarama kamar a sa ta a aljihu, gashinta fari fat an yanke shi iya kunne. Jikarta na ce mata Nainai, ni ma na bi. Daga wani ƙauyen kan dutse aka ɗauko ta, ba ta jin Larabci, ba ta jin Turanci, ba ta fita ko ƙofa. Sai ta zauna a baranda tana kallon titi, irin kallon da nake yi wa tagar Batula. Na gane kallon. Salla kuwa a ɗakin wanki nake yi in rufe ƙofa, don kada a ce sabuwar mai aiki ta cika fi'ili. Ita dai ba ta taɓa ganin goshina a ƙasa ba.

Wata rana ina goge ƙofar kicin da mofa na ga tana kwaɓa fulawa. Wanda ya yi sana'ar fulawa ba ya wucewa bai leƙa ba. Yatsunta duk sun kumbura a gaɓoɓi, sun karkace kamar ɗanyar citta, tana danna kwaɓin tana cije leɓe, kwaɓin ko a jikinsa. Na jingine mofa na wanke hannu, na ture ta gefe da kafaɗa, na ce da Hausa, "Matsa, tsohuwa, kina wahalar da abinci." Fulawa ce da ruwa kawai, sai da na duba da kyau kafin in taɓa. Na murza shi har ya yi santsi kamar kuncin jariri. Ta lakace shi da yatsa, ta dube ni, ta yi wata magana mai kama da faɗa, daga baya na gane yabo ne.

Ta rufe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta nuna mini in bar shi ya huta. Da ya huta ta huda tsakiyarsa da babban yatsa, ta riƙa juya shi yana buɗewa har ya zama zobe, ta tsinka zoben ya zama igiya, ta gutsuttsura shi ƙanana kamar goro. Kowane gutsure a danne shi da tafin hannu, a barbaɗa gari. Sai ta ɗauko wata 'yar sanda da ba ta fi tsawon ludayi ba, ba mariƙi ba ado. Hannun hagu na juya fallen, na dama na tura sandar daga baki zuwa kusa da tsakiya ya dawo, ba ta taɓa hawa cibiyar. Haka bakin ke fita siriri, tsakiyar ta yi kauri don ta ɗauki nauyin abin da za a zuba. Na farko da na yi ya fito kamar kunnen jaki. Ta buge mini hannu. Ni da jikoki aka buge wa hannu. Kafin azahar nawa sun fi nata zagaye, ta ɗaga ɗaya a hasken taga tana gyaɗa kai.

Da ta ɗauko kwanon naman daga firiji na ja da baya har bakin ƙofa. Niƙaƙƙe ne, fari-fari, ba irin jan naman sa ba. Daga nesa na kalli sauran. Ta yanka kabeji ƙanana ta sa masa gishiri ta matse ruwan, ta kankare citta, ta zuba lawashin albasa da man riɗi da wani baƙin ruwa mai gishiri na kwalba. Ta riƙa juyawa da tsinkayen cin abincinsu, gefe ɗaya kawai, ba ta komawa baya, har ya haɗe ya yi danƙo. Ta ɗora kaɗan a tsakiyar falle, ta ninke, ta tsunkule, ta bi bakin da 'yan ƙananan ninki kamar kitso. Ta zuba su a tafasasshen ruwa, in ya tafaso ta tsuga na sanyi, ya sake tafasowa ta sake, har suka kumbura suka taso sama. Na ce a raina, ashe ɗan wake ne aka sa wa riga.

Da zan tafi ta tare ni a ƙofa da wata 'yar roba mai murfi, da ɗuminta, ta miƙo mini da hannu biyu.

Ku da kuka san gida kun san abin da ya same ni. Babba ta miƙo maka abinci da hannu biyu, abincin da ta dafa da ciwon hannu, a cikin gidanta, ba a cewa a'a. Ko guba ce karɓa ake yi a yi godiya, a san yadda za a yi da ita a waje. Kara ke nan, da ita aka raine mu. Da akwai baki, da na lallaɓa ta na ce addinina ya hana, Allah ya saka da alheri. Ba baki. Abin da ke akwai girgiza kai ne, girgiza kai kuwa a fuskar tsohuwa mai murmushi mari ne. Na rusuna na karɓa.

Bayan benen akwai wani lungu da ake ajiye gangunan shara, maguna sun yi sansani a wurin, ramammu kamar tsinke. Na waiga hagu na waiga dama na juye musu. Na sa leda a hannu na wanke robar a famfon mai gadi, na yi ta wanke hannuna har fatar ta yi fari.

Da na ba Batula labari ta ce, "Gobe ki gaya wa Madam da Larabcinki na mai tumatir. Ki ce ke Musulma ce, ba kya ci. Shi ke nan."

Na ce to. Amma da safe na tuna kwano ba ya komawa fanko, wannan ko a gidan maƙiyi. Na sayi dabino a bakin tasha na zuba a robar. Nainai ta buɗe ta ga dabino, fuskarta ta washe. Ta nuna bakina, ta nuna robar, tana tambaya da ido. To me zan ce? Na shafa cikina na ce, "Tamam, tamam," wato ya yi daidai.

Wannan shafa cikin shi ya kashe ni.

Daga nan duk sati sai an yi. Ni murji, ita zubi da ninki. Zaman ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Ina yi mata labarin Funtuwa da Hausa, da na Malam, da na Hajiya Kande har da zagin. Ita ma tana yi mini nata da yarensu, wani lokaci ta yi hawaye in ce mata sai haƙuri, don na san kukan rashin miji in na gan shi. A duk Masar, in ka cire Batula, ba wanda ya san ina raye sai ita. Robar kuwa kullum ƙara girma take. Na lura in mun gama sai ta tsoma hannayenta a ruwan zafi, ta shafa wani mai mai yaji-yaji, ta zauna ido rufe. Rabin abin da ta ninke nawa ne. Ina kallon hannun nan zan karɓi roba in zagaya lungu.

Kullum in ce gobe zan faɗa. Amma in na faɗa yanzu, ai sai a tambaye ni na baya ina suka tafi. Magunan suka yi ƙiba, gashinsu na sheƙi. Suka san takuna. Tun daga kwanar titi suke tarbata, wutsiya a sama, kamar 'yan biki sun hango uwar amarya.

Batula ta ce, "Ƙarya fure take yi, Gwoggo, ba ta 'ya'ya."

Na ce, "Tawa ta yi. Ga su can bayan bene suna lasar baki."

Sai sallarsu ta zo, ta sabuwar shekara, cikin sanyi. Aka manna jajayen takardu a ƙofa, aka ce in zo da wuri za a yi baƙi da rana. Tun safe nake murji, falle kan falle, baƙi 'yan ƙasarsu maza da mata sun kewaye tebur kowa na ninki yana surutu. Nainai ta sa jar riga, tana ɗaga fallena tana nuna musu, tana dafa kafaɗata. Ban ji me take cewa ba, amma na san alfahari in na gan shi. Rabon da wani ya yi alfahari da ni tun Malam na da rai.

Da aka kwaso tukunyar farko, Madam na kicin wajen ta biyu, Nainai ta kamo wuyan hannuna ta zaunar da ni a kujerarta. Kowa na kallonmu yana murmushi. Ta ɗauko guda da tsinkaye, ta tsoma a wani ruwa mai tsami, ta hura, ta tara ɗaya hannun a ƙasa kada ya ɗiga, ta kawo shi bakina.

Ba roba, ba murfi, ba lungu.

Na ji ƙamshin citta a hancina. Na damƙe leɓe kamar yaron da za a ɗura wa maɗaci. Ta ƙara matsowa tana buɗe nata bakin, yadda ake yi wa jariri. Na kawar da kai.

Nan Madam ta fito da faranti, ta ga abin da ake ciki, ta yi wa tsohuwar magana da sauri. Nainai ta mayar mata tana dariya, ta nuna ni, ta shafa cikinta ta ce, "Tamam, tamam." Madam ta ajiye farantin ta juyo gare ni da Larabci, a hankali don in gane.

"Asabe, Mama ta ce kullum tana ba ki, kina ci, kina so. Kin san abin da ke ciki?"

"Na sani."

"Kina ci?"

"Ban taɓa ci ba."

"To ina kike kai shi?"

Na san sunan mage da Larabci, wallahi na sani, amma a lokacin ya gudu ya bar ni. Kowa ni yake kallo. Na nuna taga wajen lungu, na buɗe bakin nan da Funtuwa ke tsoro, na ce, "Miyau."

Wani baƙo ya fashe da dariya, matarsa ta zungure shi. Madam ba ta so ta fassara ba, amma me ya rage a fassara? Nainai ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na ji sanyi. Ta mayar da ɗan waken faranti a hankali, ta ajiye tsinkayen, ta dubi hannayenta ciki da baya, ta tashi ta shige ɗakinta da jar rigarta.

Madam ta raka ni ƙofa tana cewa ma'alish, laifinta ne, ya kamata ta gaya wa Mama tun farko, ƙauyensu ba Musulmi ko ɗaya. Ita ke ba ni haƙuri. Na gwammace ta zage ni. A metro na ja mayafi na rufe fuska. Wata Balarabiya ta tashi ta ba ni wurinta, ta ɗauka rasuwa aka yi mini, tana dafa ni tana yi mini ta'aziyya. Na amsa mata, don ban san yadda zan ce kunya ce ba.

Ba a kore ni ba, kuma da korar ta fi sauƙi. Na ci gaba da shara da guga. Ranar fulawa sai ta rufe ƙofar kicin, ina jin ƙarar 'yar sandar a kan katako, a hankali, ta tsaya, ta ci gaba. Na durƙusa mata a bakin ƙofa yadda ake yi wa uwar miji, ta kewaye ni ta wuce kamar an ajiye bokiti. In na fito zan tafi, magunan su biyo ni a layi suna kuka, in ɗaga kai in gan ta a baranda tana kallonmu, ni da shaiduna.

Na ce wa Batula zan bar aikin.

"Ki bari ki je ina? Ki ba ta haƙuri."

"Da wane baki?"

"Ai ba da baki kika yi laifin ba, da kwano kika yi."

Batula ba kullum take magana mai kai ba, amma ranar ta yi.

Ranar hutuna na je wurin mahauci na nuna cinyar rago da yatsa, na tsaya a kansa har ya niƙa. Da ya kai hannu zai cusa mini jijiya na buge hannun, ya yi dariya ya mayar. Na sayi kabeji da citta da lawashi da man riɗi. Baƙin ruwan nan ban san inda ake sayarwa ba, na ce gishiri da yajin Batula sa yi. Sandar murji ce babu. Na dubi mofar Batula, na dubi wuƙa.

"Gwoggo, da ita nake cin abinci."

"Dama ta yi miki tsawo."

Na yanke samanta daidai tsawon ta Nainai, na kankare, na wanke, na goge da mai. Washegari bayan asuba na kwaɓa. Fallen ya fito yadda na saba, ko ita ba za ta kushe ba. Ninkin ne ya tona mini asiri, don duk zaman nan ban taɓa ninke ko ɗaya ba, daga bakin ƙofa nake kallo. Wasu suka fito kamar ƙullin goro, wasu kamar kwaɗo, wasu suka fashe a ruwa tukunyar ta koma miya. Na tsame masu rai. A nan na fara sa abin nan a bakina, bayan na yi ta dakonsa wata da watanni. Na tauna na haɗiye. Ashe ɗan'uwan wannan nake zuba wa maguna.

Na jera su a kwanon samira na Batula, na ɗaure da ɗankwali, na rungume shi a taragon mata har Ma'adi. Magunan suka tarbe ni, na ce musu yau ko ƙamshi.

Tana baranda. Na durƙusa gwiwoyina na ƙara, na kwance ɗankwalin na buɗe. Na yi kukan rago don ta san ko naman mene ne, tunda dai na riga na zama mai kukan dabbobi a gidan. Na ɗauki ɗaya na ci a gabanta, na haɗiye, na buɗe baki ta gani. Sannan na miƙa mata kwanon da hannu biyu.

Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsu biyu ta ɗauki guda, ta juya shi, ta duba ninkin, ta yi tsaki. Ashe tsaki duk duniya ɗaya ne. Sai ta zaro 'yar takardar goge baki, ta naɗe shi tsaf, ta waiga hagu, ta waiga dama, ta cusa a aljihun rigar sanyinta. Ta shafa ciki. Ta ce, "Tamam, tamam," da muryata sak. Ta leƙa lungu ta ce, "Miyau."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ina durƙushe, kwano a hannu, tsofai-tsofai da ni, hawaye na sauka a kan samira. Ta bar ni na sha abina, ba ta yi gaggawa ba. Sannan ta zaro shi daga aljihu, ta warware, ta sa a baki. Yajin Batula ya kama ta, ta yi ta tari har na ruga na kawo ruwa, tana sha tana zagina da yarensu, ina cewa na karɓa, ƙara mini. Ta ci na biyu. Ta ɗaga na uku ta nuna mini bakinsa da ya wage, ta girgiza kai, ta kama wuyan hannuna ta ja ni kicin.

A ranar, da kabeji zalla ta koya mini ninki, a kan sabon faranti da ta ciro daga kwali, hannuna ya sha bugu har ya yi zafi. Tun daga lokacin in za a yi, kwano biyu ake ajiyewa, nata can ƙarshen tebur, nawa nan, tukunya biyu, kowa da cokalinta. Ba ta ƙara miƙo mini nata ba.

Da Hadiza ta sake bugowa ban fita matakala ba. Na ce mata ba na Zamalik, ban tuƙa tuwon kowa ba, shara nake yi a gidan 'yan Caina. Sai ta ce, "Inna, ai Hajiya Kande ta daɗe da dawowa, mun sani. Kara muke yi miki." Na ce Allah ya shirye ku, irin tarbiyyar da na ba ku ke nan.

Yanzu ina Funtuwa. 'Yar sandar na nan cikin kwallata, in jikoki sun dame ni sai in yi musu ɗan wake mai riga da naman rago, ninkin ba laifi. Batula in ta bugo sai ta ce bayanta na ciwo, wai tun da na gajarce mata mofa. An mayar da Nainai ƙauyensu kafin in taho, ban san ko tana raye ba. Ta yafe mini, ko da yake har muka rabu in ta so tsokana sai ta dube ni ta shafa ciki, ni kuma in rasa inda zan sa fuskata. Magunan Ma'adi ne dai ba su yafe ba. Har ranar da na bar unguwar suna raka ni tasha suna zagi, kuma ban taɓa tanka musu ba, don sun fi ni gaskiya.